Wa Ke Gadin Kwamfutar Gidanku?

   

Sharhin yau a kan kwamfutar gida yake, da yadda za a tsare ta daga cuta ba tare da an kashe ko dala ba.

A da, sai a ofishin gwamnati ake ganin wannan na'ura. Yau ta shiga gidaje. Malamin makaranta yana shirya jarrabawa a kanta. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi yana rubuta kundinsa na ƙarshen karatu a cikinta. Malamin asibiti yana haɗa rahoton wata. Mai shagon buga takardu da ita yake ciyar da iyali. Da dare kuma yara su kewaye ta suna kallon fim. Kwamfuta ɗaya ce, amma hannu da yawa ke taɓa ta. Mafi yawanta kuma ta hannu ce, an sayo ta a kasuwar Maradi, ko an hauro da ita daga Katsina ko Kano.

Sai wata rana ta fara nauyi. A buɗe takarda ta ƙi buɗuwa. A nemi hotunan suna ko na biki a rasa. Nan take sai a ce birus ya kama ta. Daga nan tambaya ɗaya ake yi wa mai gyara: wane antibirus za a sa mata, wanda ba sai an biya ba?

Ga amsar tun da wuri, don wanda aiki zai tayar kafin a gama shirin. A sa ɗaya tak. Ya zama na asali. A riƙa sabunta shi. Kuma a mafi yawan gidaje, wannan ɗayan yana nan cikin kwamfutar tun ranar da aka sayo ta.

To, bari a fara da ƙofar da cutar ke shigowa.

Mutane da yawa sun ɗauka sai ta intanet kwamfuta ke kamuwa. Sai ka ji mutum ya ce tasa ba ta taɓa hawa intanet ba, don haka hankalinsa kwance. Wannan kuskure ne babba, musamman a gari irin namu na Madarumfa. A nan, cutar a aljihu take yawo. Tana cikin kile, wannan ɗan ƙaramin ma'ajin da ake sokawa a gefen kwamfuta. Tana cikin katin memorin salula. Ɗalibi ya kai kile shagon buga takardu a Maradi. An soka shi a kwamfutar da ta karɓi kile na mutane iri-iri tun safe. Ya dawo gida da takardarsa a buge, ya dawo kuma da abin da bai saya ba. Matashi ya kai kati wurin masu tura waƙoƙi, finafinai da wa'azi. Ya dawo ya soka a kwamfutar yayansa. Shi ke nan, ta shiga.

Wannan hanya tsohuwa ce. A 1986, wasu ƴan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wata cuta da aka sa wa suna Brain. A jikin faifai ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, har ta isa Amurka da Turai, a lokacin da gidajen mutane ba su san intanet ba. A 2010 kuma duniya ta ji labarin Stuxnet, wadda ta lalata injuna a tashar nukiliyar Natanz ta ƙasar Iran. Wurin yana da tsaro, an raba shi da intanet da gangan. Amma an ƙera cutar yadda za ta bi kile ta shiga. Idan kile ya iya kai ɓarna irin wannan wuri, ɗakin malamin makaranta ba zai gagare shi ba.

Wadda ta fi addabar mutanen wannan yanki ita ce mai ɓoye takardu. Masu gyara suna ce mata birus rakursi. Mutum zai buɗe kile ya ga sunayen takardunsa duk suna nan, amma kowanne da ƴar kibiya a gindinsa. Waɗannan ba takardunsa ba ne, tarko ne. Yana dannawa, cutar ta tashi ta kama kwamfutar, ta zauna tana jiran kile na gaba. A nan akwai albishir, kuma a riƙe shi da kyau. Yawanci wannan cuta ba ta goge takardu, ɓoye su take yi. Don haka kada a yi gaggawar wanke kile gaba ɗaya. Mai gyaran da ya san aikinsa zai kashe cutar ya fito da takardun cikin ɗan lokaci. An yi asarar aikin watanni a banza saboda wani ya ce sai an yi formate, wato an wanke kilen, alhali abin yana nan kwance.

Yanzu sai batu na biyu. Mene ne bambancin antibirus da katangar tsaro? Sau da yawa ana haɗa su a baki, amma aikinsu daban.

A ɗauki kwamfuta kamar gida. Katangar tsaro ita ce ginin da ya kewaye gidan, ya toshe duk wata kafa, ya bar ƙofar zaure kaɗai. Baƙon da ba a gayyata ba, wanda ya biyo ta intanet yana laluben inda zai faɗo, ita ke tare shi. Antibirus kuwa shi ne mai gadin da ke zaune a zaure. Duk kayan da aka shigo da su sai ya kwance ya duba. Katanga ba ta bincikar kayan da mai gida ya ɗauko da hannunsa. Idan da kanka ka soka kile mai cuta, katanga ba ruwanta, aikin mai gadi ne. Shi ma mai gadi ba zai iya toshe kowace kafa ba. Shi ya sa ake bukatar su biyun.

Maganar katanga ba ta da tsawo. Tun 2004 kamfanin Microsoft yake sa ta cikin Windows a kunne. A kwamfutar da ke da Faransanci za a ga an rubuta Pare-feu. A wadda ta zo daga Nijeriya za a ga Firewall. Akwai wasu na kyauta daga waje, irin su ZoneAlarm da Comodo, amma suna yawan yi wa mutum tambayoyin da sai gwani zai iya amsawa. Wanda ya gaji da tambaya kuwa, komai aka tambaye shi sai ya danna e. Ga kwamfutar gida, ta cikin Windows ta wadatar. Abin da ake roƙo kawai, a bar ta a kunne. Sannan duk lokacin da aka haɗa kwamfuta da wifi na makaranta, ko na shago, ko na wani maƙwabci, in ta tambayi wace irin hanya ce, a zaɓi ta jama'a, ba ta gida ba. Da haka katangar za ta ƙara tsauri.

Mu koma kan mai gadi, domin nan ne zaɓi yake.

Duk kwamfutar da ke da Windows 10 ko Windows 11 tana zuwa da nata antibirus, sunansa Microsoft Defender. Ba a sayensa. Ba ya ƙarewa bayan wata ɗaya. Ba ya damun mutum da talla. A shekarunsa na farko masana sun raina shi, kuma da gaskiyarsu, domin yana barin abubuwa da yawa su wuce. Amma ya gyaru sosai. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ba su da aiki sai gwada irin waɗannan manhajoji. Ɗaya ita ce AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus. Ɗaya kuma AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. A gwaje-gwajensu na ƴan shekarun nan, Defender yana fitowa kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake biya da kuɗi. Ga mai kwamfutar gida a Madarumfa, wannan shi ne zaɓi na farko, kuma ga mafi yawan mutane shi ne na ƙarshe.

Wani zai ce, to ina Avast, ina AVG, ina Avira, waɗanda kowane mai gyara ya haddace sunansu? Suna nan, kuma suna kama cuta da kyau. Haka ma Bitdefender na ƙasar Romaniya da Kaspersky na Rasha, duk suna da na kyauta. Ba a ce ba su da amfani ba. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai sauraro ya sani kafin ya zaɓa.

Na farko, sunayen sun fi masu su yawa. Avast ya sayi AVG a 2016. Daga baya, a 2022, Avast ya haɗe da kamfanin Norton na Amurka, wanda dama ya riga ya sayi Avira. Yau duk ukun a hannun kamfani ɗaya suke, mai suna Gen Digital. Mai gardama a bakin shago kan wanne ya fi tsakanin Avast da AVG, a kan kayan gida ɗaya yake ɓata yawunsa.

Sai kuma abin da Hausawa suka daɗe da sani, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfani yana biyan ma'aikata, ba zai ba da kaya kyauta don Allah kawai ba. Wasu suna cika fuskar kwamfuta da talla, suna tsorata mutum cewa na'urarsa na cikin haɗari sai ya sayi na kuɗi. Wasu kuwa sun wuce nan. A farkon 2020 ƴan jarida suka bankaɗo cewa Avast yana tattara bayanan shafukan da masu amfani da shi ke shiga, yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen. A 2024 hukumar kula da harkar ciniki ta Amurka ta sa shi biyan dalar Amurka miliyan 16.5 a kan wannan laifi. Wanda aka ɗauka don ya tsare sirri, shi aka samu yana sayar da shi. Don haka duk mai son ɗaya daga cikin waɗannan, ya karanta abin da ake tambayarsa lokacin sawa, ya ƙi yarda da duk wani ƙarin da bai nema ba.

Akwai kuma Smadav, mai koren tambari, wanda da wuya a shiga shagon buga takardu a rasa shi. Daga Indonesiya yake. Yana da sauƙi, ba ya nauyaya kwamfuta, kuma ya iya fito da takardun da aka ɓoye a kile. Shi ya sa ya samu karɓuwa. Amma masu yin sa da bakinsu sun ce shi ƙarin kariya ne, an yi shi ya zauna tare da babban antibirus, ba ya maye gurbinsa ba. Wanda ya kashe Defender ya dogara da Smadav kaɗai, ya rage wa kansa tsaro.

Wannan ya kawo mu kan tarkuna, kuma a nan ake son kunne ya buɗe sosai.

Wasu suna ganin in an sa manyan antibirus biyu ko uku, tsaro ya ninka. Ba haka abin yake ba. Kowannensu yana son ya fara duba kowace takarda. Sai su yi ta karo da juna, wani ma ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin cuta. Kwamfutar ta yi nauyi, batir ya riƙa ƙarewa da wuri. Tsohuwar na'ura mai ƙaramin ƙarfi ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Ɗaya tak, jama'a.

Tarkon da ya fi wannan muni shi ne manhajar sata, wadda ake ce wa kirak. Mai gyara zai ce ya sa maka antibirus na kuɗi, cikakke, kyauta. Ko ya sa maka manhajar rubutu ko ta gyaran hoto wadda aka fasa makullinta. Kafin ta shiga, sai ya kashe Defender, ya kashe katanga, domin in suna kunne ba za su bari ba. Mai sauraro ya tsaya ya yi tunani. Me ya sa ba za su bari ba? Sau da yawa domin sun ga abin da ke cikinta ne. Tun 2018 akwai wata muguwar cuta mai suna STOP, wasu na ce mata Djvu, wadda babbar hanyarta ita ce manhajar sata. Tana kulle duk takardu da hotunan mutum, ta bar masa wasiƙa cewa sai ya biya ɗaruruwan dalolin Amurka kafin a buɗe. Garkuwa ce ake yi da takardu don neman kuɗin fansa. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019, amma wanda ya kulle kwamfutar yana wata nahiya, ba sunansa, ba kamanninsa. Wanda ke bukatar manhajar rubutu kuma ba shi da kuɗin saye, akwai LibreOffice. Kyauta ce ta halal, tana da Faransanci da Turanci, tana buɗe takardun Word da Excel.

Akwai kuma saƙon da ke faɗowa a fuskar kwamfuta lokacin da mutum ke yawo a intanet, da jan rubutu da ƙara, wai an gano cuta, a danna nan a wanke. Ƙarya ce. Shafin intanet ba ya bincikar cikin kwamfutarka haka kawai. Abin da za a danna ɗin shi ne cutar. A rufe shafin kawai. In za a ɗauko antibirus, a ɗauko shi daga shafin kamfaninsa, ba daga kilen aboki ba, ba daga wani saƙo na WhatsApp ba.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato sabuntawa, abin da masu gyara ke kira mizajur.

Kullum ana ƙirƙiro sababbin cututtuka. Antibirus yana gane su ne da bayanin da kamfaninsa ke aiko masa ta intanet. In ya shekara bai samu sabon bayani ba, yana nan a kunne, tambarinsa na haske, amma ba ya gane cutar bana. Kuma an san dalilin da ya sa mutane ke kashe sabuntawa. Kuɗin intanet ne. Mutum ya sayi ɗan forfen intanet na Airtel, ko Moov, ko Zamani, ya haɗa salula da kwamfuta, kafin ya ankara Windows ta shanye. Wannan kuka gaskiya ne, ba wanda zai zargi mai yin sa. Amma akwai dabara. Bayanin da antibirus ke karɓa a kai a kai ƙarami ne, ba kamar babbar sabuntawar Windows ba. Ana iya ba shi ko da sau ɗaya a mako. Babbar kuwa a tara ta sai an shiga Maradi, inda aka samu wifi ko rizo mai ƙarfi. Microsoft ma tana ajiye bayanin Defender a shafinta a dunƙule, yadda mutum ɗaya zai sauke, ya sa a kile mai tsabta, ya sabunta kwamfutocin da ba sa hawa intanet. Makaranta ko ƙungiya za ta iya ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki.

Wanda yake ganin sabuntawa ɓata kuɗi ce, ya saurari abin da ya faru a watan Mayun 2017. Wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150 cikin ƴan kwanaki. A Ingila ta tsayar da aiki a asibitoci, har aka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin takaicin shi ne, wata biyu kafin nan Microsoft ta riga ta fitar da gyaran da ke toshe kafar da cutar ta bi. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Waɗanda suka ce sai gobe, su ta kama.

Wannan ya taɓo maganar tsofaffin kwamfutoci, waɗanda suka yi yawa a yankinmu. Microsoft ta daina kula da Windows XP tun 2014. Ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adin kulawarta na yau da kullum ya cika a Oktoban 2025. Ma'ana, in aka gano sabuwar kafa a XP ko Windows 7, babu mai zuwa ya toshe. Windows 7 kuma ba ta zuwa da cikakken antibirus, sai an sa mata daga waje. Mai irin wannan na'ura kada ya shiga asusun banki da ita, kada ya ajiye lambobin sirri a cikinta. In ƙarfinta bai kai na sabuwar Windows ba, a tambayi mai gyara game da Linux, misali Ubuntu ko Linux Mint. Kyauta ne, yana tafiya a kan tsohuwar na'ura, kuma cutar kile da aka rubuta don Windows ba ta aiki a kansa.

A nan ya dace a faɗi wata gaskiya a gefe. Ba kowace matsala ce birus ba. Ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta. Zafin bazara yana sa ta mutu ana cikin aiki. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar rubutu, takarda ta lalace. Babu antibirus ɗin da ke maganin waɗannan. Maganinsu shi ne kwafi na biyu. Duk abin da rasa shi zai sa mutum kuka, kundin karatu, lissafin shago, hoton mahaifi da ya rasu, a ajiye shi wuri biyu. A ware kile ɗaya da ba ya zuwa kasuwa, ba a ara wa kowa. A kwafa a ciki, a zare, a sa a akwati. Wanda ya bar shi a soke, cutar da ta kulle kwamfuta za ta kulle shi tare.

Ga kira kuma ga masu gyara da masu shagunan buga takardu da masu tura finafinai, na Madarumfa da na Maradi. Jama'a sun ba ku amana, mafi yawansu ba su san abin da kuke dannawa ba. Kwamfutar shagonku ita ce mahaɗar kile na gari duka. In tana da tsabta, kun tsare mutane masu yawa. In kun kashe wa mutum Defender don wani aiki, ku kunna masa kafin ya tafi. Ku nuna masa inda ake dubawa.

Ku kuma masu sauraro, ga abin da ake roƙonku a daren nan, in akwai kuran ko batir. Ku kunna kwamfuta. Ku duba ƙasa ta hannun dama, kusa da agogo, za ku ga ƴar garkuwa. Ku danna ta. In kun ga alamar kore a kan antibirus da kan katanga, madalla. In ja ce ko rawaya, ku danna ku bi abin da ta ce, ko ku kai wa wanda ya sani. In kun tarar da manyan antibirus biyu, ku cire ɗaya. Daga yau kuma, duk kilen da ya kwana a waje, kafin a buɗe shi a danna masa maɓallin dama na linzami, a ce Defender ya bincika. Ku koya wa yaran gida wannan, domin su suka fi kowa soka kile.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da sirrinmu.